Ƙoshiya da Allura: Saƙa Biyu a Gabashin Sakkwato

Idan hunturu ya kankama a watan Disamba, iska ta biyo kwarin gulbin Rima da ƙura da hazo, sanyin asuba a Sisawa da Kwasare da Dinawa ba ya barin kowa ya fito haka nan. A irin wannan safiya ake ganin aikin sana'o'i biyu a tsakar gida ɗaya. Dattijo na bakin wuta ya lulluɓa da tsohon gwado wanda farinsa ya koma ruwan ƙasa, ga kuma jariri a bayan surukarsa da hular ulu mai tuntu da 'yar safa. Gwadon daga masaƙa ya fito, hular kuwa aikin allura ce. Mutane da yawa sun riga sun yanke hukunci a kan su biyun: na farko gadon kakanni ne, na biyu aikin Turawa ne da aka koya wa 'yan mata a makarantar boko. Ni a ganina an yi gaggawa wajen wannan hukunci, har ya ɗauke mana hankali daga tambayar da ta fi nauyi, wato inda zaren kowanne yake fitowa da aljihun da kuɗinsa ke komawa.

Aikin hannun kansa ya sha bamban. Masaƙi yakan zauna gindin itace ko cikin 'yar rumfa, ƙafafunsa a kan matakai biyu, zaren da aka yi wadarinsa ya miƙe a gabansa mai nisa, an ɗaure ƙarshensa a kunkuru, wato ɗan katakon da ake aza wa dutse don zaren ya yi tsauri. Ya taka dama, andira ta ɗaga rabin zaren, ya wurga ƙoshiya ta ratsa, ya jawo allera ya danne zaren da ta bari. Ya taka hagu, ƙoshiya ta dawo. Kafin la'asar kunkuru ya matso kusa da shi, ƙwaryar da ya saƙa ta naɗe a takala. Faɗinta bai cika wuce tafin hannu ba, don haka sai an jera ƙwarya da yawa an ɗinke gefe da gefe kafin a sami zane ko gwado ko ƙyallen riga. Zare biyu ne ke gicciye da juna, shi ya sa tufar ba ta miƙewa kuma ba ta bin jiki, amma tana jure wanki da bugu da shekaru.

Mai saƙar ulu zare ɗaya tak take riƙewa. Ta naɗa shi a yatsa, ta zura allura cikin madauki, ta zaro sabo ta cikinsa, ta zame tsohon, haka har ƙarshen layi. Leɓɓanta na motsi tana ƙirga, kuma idan ta zo wurin rage madaukai don kan hula ya tsuke, ko mai gida ya yi kira ba ta amsawa sai ta kai ƙarshe. Da yake madaukai ne ke riƙe da juna, abin yakan miƙe ya koma, ya kama kan jariri, ya tare iska a tsakaninsa, iskar ce kuma ke riƙe ɗumi. Idan ƙusa ta tsinke zare guda, huji sai ya yi ta faɗi. Idan aka ja bakin zaren, hular duka sai ta warware. Mata sun mayar da wannan rauni abin amfani: rigar da yaro ya fi ƙarfinta ana warware ta a saƙa wa ƙanensa safa. Akwai kuma mai allura ɗaya mai ƙugiya, kwarashi, wadda ta fi yawa a hannun 'yan mata, amma dangin juna ne.

A tsufa, masaƙa ta girmi allura da dubban shekaru. A nan Afirka ta Yamma, tarin tsofaffin tufafin auduga da aka fi sani ya fito daga kogwannin duwatsun Bandiagara a ƙasar Mali, inda mutanen da ake kira Tellem suka ajiye matattunsu tun wajen ƙarni na 11. Ƙwarya-ƙwarya ce aka ɗinke, fari da shuɗin baba, irin tsarin da masaƙinmu zai gane da kallo ɗaya. A gabashin Sakkwato kuwa, sana'ar tana ɗaure da yadda aka kafa garuruwan kansu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ya gina Wurno ta zama ribaɗi, ya zauna a cikinta, a nan ya rasu, a nan hubbarensa yake. Rabah da Gandi ma daga irin wannan tsari suka taso. A wurin Bello ribaɗi gari ne da ake so ya ci da kansa, ya tufatar da kansa, ya tsare iyaka. A littafin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a da rarraba su cikin garuruwa da ƙauyuka a cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba.

Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma sauka Wurno a watan Afrilu na 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma zuwa Tambutu kaɗai ana kai kayan raƙumi 300. Kano ce cibiya, babu garin da ya kama ƙafarta a rini da ciniki, amma audugar Zamfara da Zazzau da zaren matan ƙauyuka su ke ciyar da ita. Gaskiya ta sa a ƙara da cewa wani ɓangare mai yawa na noman audugar nan bayi ne suka yi shi a rinji, kuma duk mai alfahari da wancan arziki ya kamata ya tuna da guminsu.

Asalin saƙar allura shi ne wurin da hukuncin da mutane suka yanke ya fi rauni. Tsofaffin kayan da masana suka amince saƙar allura ce ta haƙiƙa ba a Ingila aka tono su ba. A Masar aka same su, galibi a juji da kangayen Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, daga tsakanin ƙarni na 11 zuwa na 14. Safa ce ta auduga, fari da shuɗin baba, da zane-zane masu layi, wasu ma da rubutun Larabci irin na Kufi a jikinsu. Kyan aikinsu ya nuna hannun ya daɗe da ƙwarewa kafin lokacin. Kafin su akwai wata tsohuwar dabara ta allura guda mai kafa, wadda Misirawan zamanin Rumawa suka yi safa da ita, mai tsaga a wurin babban yatsa don a sa takalmi, sai dai wannan ƙulle-ƙulle ne da gajerun zaruruwa, ba ya warwarewa in an ja.

Daga ƙasashen Musulmi sana'ar ta haye Andalus. A wani gidan ibadar Kirista da ake kira Las Huelgas, kusa da Burgos a Sifen, an buɗe kabarin Fernando de la Cerda, ɗan sarki Alfonso na 10, wanda ya mutu a 1275. A cikin kaburburan gidan sarautar an sami matasan kai na siliki saƙar allura, masu ƙanƙanin madauki ƙwarai, ɗayansu da kalmar baraka da haruffan Larabci a gefensa. Masana sun fi karkata ga cewa Musulmi ne masu sana'a suka yi wa fadar aiki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da mu, wato jar dara. Musulmin da aka kora daga Andalus, musamman a babbar korar 1609, da yawansu Tunis suka zauna, suka bunƙasa sana'ar hular da can ake kira shashiya. Mata ne ke fara saƙa ta da allurai, ƙatuwar farar hula ta gashin tumaki. Daga nan a jiƙa ta a ruwan zafi da sabulu, a yi ta dukanta har ta tsuke ta cure, madaukan su ɓace, a taje ta, a rina ta ja, a ɗora a kan mazubi. Irin wannan hula ta bi ayarin raƙuma ta Gadamus da Gat da Agadas ta iso kasuwannin ƙasar Hausa, sarakuna da malamai da attajirai suka naɗa rawani a kanta. Har yau Nijar da Nijeriya na cikin masu sayen shashiyar Tunis. Ke nan saƙar allura ta hau kan manyanmu tun kafin Bature ya san hanyar Wurno, sai dai ta zo a matsayin haja, ba a kawo mana sana'ar ba.

Sana'ar ta zo ne ta doguwar hanya. Turai ta karɓe ta, ta kafa mata ƙungiyoyin masu sana'a. A 1571 majalisar Ingila ta yi dokar da ta tilasta wa talakawan da suka haura shekara shida sa hular ulu saƙar ƙasar ran Lahadi da ranakun hutu, don masu saƙa su sami ciniki. A 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa safa. Bayan Ingilishi sun ci Sakkwato a Maris na 1903, an daɗe ba a waiwayi karatun mata ba. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, a 1939 kuma aka buɗe cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato, inda ɗinki da saƙa da tsaftar gida suka zama ginshiƙan darasi. Daga hannun malamai mata da matan ma'aikata allura ta shiga gidaje. Shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, da cibiyoyin mata da suka biyo bayansa, su suka ƙara kai ta ƙananan hukumomi.

To in ba a baƙunta bambancin yake ba, a ina yake? A zare yake. Kafin ƙoshiya ta ratsa sau ɗaya, auduga ta riga ta bi hannu da yawa. Manomi ya shuka, mata da yara sun cire. Wata ta gurza a kan magurji ta fitar da angurya, wadda shanu za su ci. An shiɓa da masaɓi ta yi laushi. Tsohuwa ta zauna da mazari, ta dangwali alli a yatsa, ta murza, ta ja, zare na sauka, siriri domin tsaye, abawa mai kauri domin kwance. Bayan masaƙi ya gama nasa, ga marini a bakin karofi, ga mabugi, ga maɗinki, ga mai aikin wuyan riga, ga dillali, ga bafatake da jakunansa. Kowane ɗayansu da abin da zai kai gida daga gona guda. Kaɗi musamman shi ne jarin matar kulle. Da kuɗin zare take shiga adashi, ta tara wa ɗiyarta kayan ɗaki, ta yi biki ba tare da ta miƙa hannu ga kowa ba.

Saƙar ulu ba ta da wannan dogon layi a bayanta. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi ne gajere a jikinsu wanda ba ya kaɗuwa, saboda haka babu makiyayi ko ɗaya a Goronyo ko Rabah da ke cin ko sisi daga hular jariri. Ulun da ke kasuwa ma galibinsa ba na dabba ba ne. Zaren roba ne da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur, wanda aka fara sayarwa a Amurka wajen 1950. Daga masana'anta yake zuwa hannun 'yan sari a Legas da Kano, ya iso Sakkwato, ya iso kasuwar Acida. Mai saƙa ita kaɗai ce 'yar gida a cikin cinikin, ita da mai tireda, kuma kafin ta fara aiki ta riga ta miƙa kaso mai tsoka na kuɗin hular ga mutanen da ba su san da zamanta ba. A wannan ma'auni masaƙa ta yi wa allura fintinkau.

Amma masaƙar da ta fi ƙarfi ita ta fara faɗuwa, kuma dalilin yana cikin tsawon layin nan. Ƙungiyar Ingilishi ta bunƙasa noman auduga, wadda aka kafa a Manchesta a 1902, ta zo da burin kwashe audugar Arewa zuwa masaƙun Lankasha. Shekaru da dama masaƙan gida sun fi ta tayi mai kyau a kasuwa, kuma da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912 manoma gyaɗa suka runguma. Sannu a hankali abin ya juya. Aka kawo sabon iri, aka kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, layin dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, akoko da alawayyo da atamfa suka cika kantuna da araha. Da matasan mata suka daina koyon kaɗi, masaƙi ya koma sayen zaren kanti. Da zaren kanti ya yi tsada, ɗansa ya ga babu riba, ya tafi cin rani.

Ɗan Rabah ne ya yi ƙoƙari mafi girma na tsare audugar Arewa a Arewa. Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah kuma ya riƙe hakimcinta tun 1934, gwamnatinsa ce ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa masaƙar Kaduna, ta fara aiki a 1957. Wasu suka biyo, har da ta Gusau. Shawara ce mai kyau a lokacinta, domin ko da injin ya ƙara matse masaƙin hannu, manomin auduga ya sami mai saye kuma dubban 'ya'yan talakawa sun sami albashi. Abin baƙin ciki shi ne yau galibinsu ba sa tsaye yadda ya kamata. Masaƙar Kaduna ta tsaya a farkon shekarun 2000, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, atamfar Sin ta maye gurbin duka.

Allura ta tsira saboda ba ta jiran kowa. Jarinta bai wuce allurai da dunƙulen ulu biyu ko uku ba. Ba ta son fili, ba ta son rumfa, ba ta hana mace duba tukunya ko shayar da goyo. Yarinya kan koya a wurin ƙawarta cikin 'yan makonni, alhali masaƙi sai ya yi shekaru gaban ubansa yana naɗin ƙwarƙwaro kafin a bar shi ya hau. Tana kuma da kasuwar da ba ta yankewa, domin haihuwa ba ta yankewa. Ranar suna, idan aka baje kayan barka, za ka ji wata ta ɗaga hula tana tambaya, "Inna, wa yas saƙa wagga?" A ce mata, "Ɗiyar maƙwabtanmu ta." Ta ce, "A saƙa min irinta kahin sanyi shi wuce." Ciniki ya faɗa ke nan, babu dillali, babu kuɗin mota.

A shekarun nan an ga wani amfanin allura da ba wanda ya so ya gani. Tun harin Tabanni na watan Yuli 2018, da mutane suka kwararo Gandi neman mafaka, ƙauyuka da yawa a Rabah da Goronyo da Wurno sun san tashin dare. Gonar auduga tana son wata biyar ko shida mutum na zuwa yana dawowa lafiya, masaƙa tana son zama wuri ɗaya. Allura da ulu kuwa suna shiga cikin ƙunshin zane, kuma matar da ta rasa rumbu da awaki tana iya zama a barandar makarantar da aka sauke su ta saƙa abin da za ta sayi gari. Duk mai raina wannan sana'a ya tuna da haka.

Rauninta dai a fili yake. Sanyinmu wata biyu ne zuwa uku. Daga Maris zafi ke hawa, a Afrilu ya haura digiri 40, kuma ulun roba a jikin jariri a irin wannan yanayi ƙuraje yake kawowa. Ga gwanjo, ga kayan sanyi na inji daga Sin. Mace ta kwana uku a kan riga, mai saye ya juya ta ya ce, "Nawa na? Ai ta gwanjo ta hi araha." Ba ta da amsa, domin gaskiya ya faɗa.

Hukuncina shi ne masaƙa ta fi nauyi a tarihi da tattalin arziki, allura ta fi rai a yau, kuma abin da kowaccensu ta rasa yana hannun ɗayar. Masaƙa tana da zaren gida amma ta rasa magada. Allura tana da hannaye dubbai amma zarenta na aro ne. Safar Fusɗaɗ da auduga da baba aka yi ta, abubuwa biyu da ƙasar nan ta fi kowa sani. Saƙar auduga tana shan gumi, tana sawuwa rani da damina. Farar hular nan mai huji-huji da maza ke sawa, tashi-ka-fiye-naci, wadda ake shigo da ita dila-dila daga waje, babu abin da zai hana matan Sisawa da Marnona su saƙa ta. Haka rigar shan iska ta jarirai da mayafin goyo. Ba ina cewa manomin da ke cin ruwan madatsar Goronyo ko ta Lugu ya bar albasa da tafarnuwa da shinkafa ya koma auduga ba, shi ya san abin da ke biyansa. Zamfara da Katsina suna noma ta, kuma abin da ake bukata a farko kaɗan ne: zaren auduga mai kauri daidai allura, fari da rinanne, a farashin da mace za ta iya saye.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo da masu kula da cibiyoyin koyon sana'a na mata shi ne su daina raba dunƙulen ulun roba kawai a ranar yaye ɗalibai. A nemo tsofaffin da suka iya gurza da shiɓa da kaɗi, da masaƙan da har yanzu allerarsu ke rataye a ɗaki, a biya su su koyar, a zaunar da su wuri ɗaya da masu allura. A fara da ƙidaya: masaƙa nawa suka rage a kowace gunduma, mata nawa suka iya riƙe mazari. Hakimai da dagatai da masu unguwanni za su iya kawo wannan lissafi cikin wata guda, kuma ba ya bukatar wani kasafin kuɗi.